Yadda ake kai wa "bango" hari a wasan tanis: tambayoyi da amsoshi

Babu filin tanis ɗin da ba shi da irin mutumin nan. Ba ya dukan ƙwallo da ƙarfi, sabis ɗinsa ba ya tsorata kowa, wani lokacin ma riƙon da yake wa raket ba irin wanda koci ke koyarwa ba ne. Amma duk abin da ka aika masa sai ya dawo. Ka buga dama ya mayar, ka buga hagu ya mayar, ka zage ka narka wa ƙwallon duka, sai ka ga ta taso sama a hankali ta sauka kusa da ƙafarka kamar ba a yi komai ba. A bugu na tara ko na goma sai ka zuba ta a raga, shi kuwa ya juya ya ɗauki tawul ɗinsa. A nan zan riƙa ce masa bango, domin wasa da shi ba shi da maraba da buga wa bango ƙwallo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji daga bakin masu fama da shi.

Na fi shi iya bugu, kowa ya sani. Me ya sa kullum shi ke cin wasan?

Saboda ba kyan bugu ake ƙirgawa ba, maki ake ƙirgawa. A wasan da ba na ƙwararru ba, yawancin maki kuskure ne ke kawo su, ba bugun da ya gagari abokin karawa ba. Wanda ya rage kuskure ya riga ya yi rabin aikin. Bango ya san haka sarai, kuma ya gina wasansa gaba ɗaya a kai: yana aika ƙwallo can sama da raga, zuwa tsakiyar fili, nesa da layuka, ya bar maka ɗawainiyar ƙirƙiro wani abu.

Akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana ba ni kashi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, gwiwarsa ta dama kullum a ɗaure take, kuma ban taɓa ganin ya yi gudun da ya wuce taku huɗu ko biyar ba. Na daɗe ina cewa ba tanis yake bugawa ba. Ranar da na daina faɗin haka ita ce ranar da na fara lura da abin da yake yi: kafin in gama bugu ya riga ya tsaya inda ƙwallon za ta sauka, kuma bai taɓa ba ni ƙwallo biyu masu tsawo ɗaya a jere ba. Wannan iyawa ce, ba sa'a ba. Muddin kana raina shi, za ka riƙa shiga fili da fushi, fushin nan kuwa shi yake jira.

Kada kuma ka ɗauka ƙananan 'yan wasa kaɗai abin ke damu. A gasar Faransa ta 1989, Michael Chang yana da shekara 17, an ci shi set biyu (wato zango biyu cikin biyar na wasan), ƙafafunsa sun ɗaure, sai ya koma cilla wa Ivan Lendl ƙwallaye sama a hankali, har da yin sabis ta ƙasa sau ɗaya. Lendl shi ne na ɗaya a duniya a lokacin, amma ya rikice ya sha kashi, Chang kuma ya wuce har ya ɗauki kofin.

To in ƙara ƙarfin bugu ke nan?

A'a. Nan ne kusan kowa ke faɗawa rami. Idan aka ce wa mutum ya kai hari, abin da yake ji shi ne ya ƙara ƙarfi ya kuma nufi layi. Ka tsaya mita biyu bayan layin baya ka saki duka iya ƙarfinka: ƙwallon za ta yi tafiyar sama da mita 25 kafin ta isa wurinsa, ta faɗi ƙasa ta rage gudu, shi kuwa yana can baya yana jiranta. Abin da ma ya fi so ke nan, don zai ara ƙarfinka ne ya tare ta kawai ta dawo. Kai ka ɗauki kasada, shi bai ɗauki komai ba.

Hari a tanis satar lokaci ne. Bango yana rayuwa ne da lokacin da ke tsakanin bugunka da nasa, lokacin da yake komawa tsakiya ya daidaita tsayuwarsa. Hanyar rage masa wannan lokaci ba sai ta ƙarfin hannu ba. Idan ka matso gaba da taku biyu ka bugi ƙwallon tun tana tasowa daga ƙasa, maimakon ka ja da baya ka jira ta fara saukowa, ka rage tafiyar da za ta yi kafin ta zo gare ka, ka kuma rage wadda za ta yi kafin ta koma. Da bugu mai ƙarfi daidai da na da, sai ka ga bai gama komawa tsakiya ba ƙwallon ta riga ta wuce raga. Aikin ƙafa ne tukuna, hannu ya biyo baya.

Wanda ke son ganin wannan da idonsa ya nemi wasan ƙarshe na gasar Ostireliya ta 2017. Shekara da shekaru Rafael Nadal yana azabtar da Roger Federer da ƙwallaye masu murɗi da ke tashi sama ta ɓangaren bugun bayan hannunsa. A wannan rana Federer ya ƙi ja da baya. Ya manne wa layin baya yana ɗaukar ƙwallon kafin ta kai kafaɗarsa. A set na biyar Nadal yana gaba da gem 3 da 1 (gem su ne ƙananan zagayen da ake tarawa a ci set), sai Federer ya ci gem biyar a jere ya gama wasan. Ka kalli inda ƙafafunsa suke, ba inda ƙwallon ke tafiya ba.

Amma ai Söderling da Wawrinka da ƙarfi suka yi nasara.

Gaskiya ne. Robin Söderling ya fitar da Nadal a zagaye na huɗu na gasar Faransa a 2009, bayan Nadal ya ɗauki kofin sau huɗu a jere bai taɓa shan kashi a wurin ba. Stan Wawrinka kuma ya doke Novak Djokovic a wasan ƙarshe na wannan gasa a 2015 da duka mai nauyi daga baya. Sai dai mutanen nan biyu suna cikin 'yan ƙalilan a duniya da ke iya saka irin wannan ƙarfi ƙwallon kuma ta riƙa faɗawa ciki har tsawon awa uku. Idan kai a atisaye ba ka iya buga ƙwallo goma masu ƙarfi a jere ba tare da ɗaya ta fita ba, wannan hanya ba taka ba ce tukuna.

Yaya zan gane ƙwallon da ta dace a kai wa hari?

Ka dubi inda kake tsaye lokacin da za ka buga ta. Idan kana bayan layin baya, lokacin gini ne, ba na gamawa ba. Ka aika ta da tsawo, da murɗi, ta bi kwana zuwa kwana. Dalilin a fili yake: tsawon filin mita 23.77 ne, amma daga kwana zuwa kwanar da ke gicciye ya haura mita 25, wato kana da ƙarin wuri na kusan mita ɗaya da rabi. Ragar ma a tsakiya santimita 91 da ɗoriya ce, a wajen turaku kuwa 107. Bugun gicciye yana bi ta inda ragar ta fi ƙasa zuwa inda filin ya fi tsawo. Bugun miƙe kan layi akasin haka ne, shi ya sa bai kamata a yi shi daga nesa ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Ƙwallon da kake jira ita ce wadda ta sauka kusa da layin sabis, ta sa ka shiga cikin fili da ƙafa biyu, kuma za ka same ta sama da tsayin raga kana tsaye daram. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, misali gajeriya ce amma ta yi ƙasa har sai ka durƙusa, to ka yanke ta, wato ka shafi ƙasanta da raket don ta zame, da tsawo ka bi bayanta zuwa raga, kada ka nemi kashe maki da ita.

Abin da mutane ba sa son ji shi ne, wannan gajeriyar ƙwallo ba kyauta take zuwa ba. Sai ka tura shi baya da ƙwallo huɗu, biyar, wani lokacin takwas masu tsawo kafin ya saki ɗaya. Ka shirya wa haka tun kafin a fara. Kuma ko ta zo, kada ka nufi layi. Ka ɗauka akwai wani layi mita ɗaya a ciki, shi za ka nufa. Idan ya kai gare ta da ƙyar ya ɗago, ai abin da ake nema ke nan, ta biyu ce za ta gama.

Ƙwallayen nan da yake cillawa sama kamar fanfalaƙi su suka fi kashe ni. Me zan yi da su?

Mafi munin abu shi ne ka tsaya inda kake ka buge ta a saman kafaɗa, inda hannu ba shi da ƙarfi. Ko dai ka ja da baya sosai ka bar ta ta sauko daidai ƙugu, ka mayar masa da irinta mai tsawo, ko ka shiga gaba. Ja da bayan ba laifi ba ne in ƙwallon ta matse ka, amma in ka mayar da shi ɗabi'a kun zama bango biyu, kuma ya fi ka sabo da wannan. A 1984, a birnin Richmond na Amurka, Vicki Nelson da Jean Hepner sun yi bugu 643 a kan maki ɗaya, minti 29 ƙwallon ba ta mutu ba. Inda hanyar ke kaiwa ke nan idan kowa ya ƙi matsowa.

Shiga gaban iri biyu ne. Kana iya ɗaukarta da zarar ta taɓa ƙasa, da ɗan gajeren jan hannu. Ko kuma, da ka ga ta tashi sama a hankali, ka taka zuwa wajen layin sabis ka tare ta a iska tun ba ta faɗi ba. Ba sai ka yi mata mugun duka ba. Ka ajiye ta da tsawo a kwanar da ba ya nan, ka ƙara matsowa. Sau uku ko huɗu kawai za ka yi masa haka ka ga ya fara rage tsayin ƙwallayensa, daga nan kuma kuskure zai fara fitowa daga wurinsa, don ka fitar da shi daga abin da ya saba.

Ina tsoron zuwa raga. Duk sa'ad da na je sai ya cilla ta ta kaina ko ya zura ta gefena.

Zai yi, kuma zai ci wasu maki da haka. Ka karɓi wannan tun yanzu. Lissafin da ya kamata ka yi shi ne: cikin zuwa goma, nawa ka ci? In ka ci shida ya ci huɗu, kai ke da riba, ko da huɗun nan sun fi yi maka ciwo a rai. Mutum yakan tuna wadda aka wuce shi da ita ya manta ukun da abokin karawa ya zuba a raga don kawai ya gan shi tsaye a gaba.

Yawancin wahalar ba a ragar take farawa ba, a bugun da ya kai ka can ne. In ka bi bayan gajeriyar ƙwallo marar nauyi, ka miƙa masa wuya. Bugun shigowa ya zama mai tsawo, kuma galibi miƙe kan layin da kake, don in ka buga gicciye ka bar masa fili a buɗe a bayanka wanda ba za ka iya rufewa ba. Ka bi ɓangaren da ka aika ƙwallon, ba tsakiya ba. Idan ka iya yanka, yi amfani da shi: ƙwallon da ta zame ƙasa-ƙasa tana tilasta masa ya ɗago ta, ɗagaggiyar ƙwallo kuwa abincin mai tsayuwa a raga ce.

Sai tsayuwa. Daidai lokacin da raket ɗinsa zai taɓa ƙwallo, ka yi ɗan tsalle ka dira da ƙafa biyu a buɗe, ko a ina kake. Masu gudu ba birki su ake wucewa. Da yake bango mai son cillawa sama ne, kada ka manne wa raga. Ka tsaya taku ɗaya ko biyu cikin layin sabis, wanda ke mita 6.40 daga raga, ka lura da fuskar raket ɗinsa. In ka ga ya buɗe ta sama yana jingina da baya, ka fara juyawa gefe kana ja, kada ka jira ƙwallon ta wuce kanka.

Dukan sama kuwa, wato bugun ƙwallon da aka cilla ta saman kanka, dole ne ka koye shi. Ban san wata hanya ta kauce masa ba. Wanda ba shi da dukan sama ba zai taɓa cin bango ta raga ba, don bangon zai gane cikin gem biyu. Ka juya gefe, ka nuna ƙwallon da hannun da ba ya riƙe da raket, ka buga da matsakaicin ƙarfi zuwa kwana. In ta yi sama ƙwarai, ko rana ta shiga idonka, ka bar ta ta faɗi ta taso sannan ka buga, babu abin kunya a ciki.

Ko manya haka suke yi. Daniil Medvedev yana tsayawa can nesa da layin baya yana mayar da komai. A wasan ƙarshe na gasar Amurka ta 2023 da suka kara, Djokovic, wanda shi kansa gwanin wasan baya ne, ya riƙa yin sabis yana bin bayansa zuwa raga, ya ci wasan da set uku ba ko ɗaya. Bai tsaya gasar haƙuri da mutumin ba, ya yi amfani da filin da aka bar masa a gaba.

An ce in jawo shi gaba. Da gaske yana aiki?

Yana aiki ƙwarai, kuma shi ne abin da na fi ba mai matsakaicin ƙarfi shawara ya fara gwadawa. Bango ya saba gudun dama da hagu, bai saba gudun gaba da baya ba, kuma da yawansu raga ba gidansu ba ce. Ka ajiye masa ƙwallo a bakin raga, ko ka yanko gajeriya mai zamewa. In ya iso ya ɗago ta, ka cilla ta kansa ko ka zura ta gefe. Ba sai ajiyar ta zama irin ta Ons Jabeur ta Tunisiya ko ta Carlos Alcaraz ba, wadda ke mutuwa a wurin. Ya isa ta sa shi ya bugi ƙwallo yana gudu, kansa a sunkuye.

Sharaɗi ɗaya: ka yi ta kana cikin fili, bayan ka tura shi baya. Ajiya daga bayan layin baya, musamman in gajiya ce ta sa ka yi ta don makin ya ƙare, kyauta ce ka ba shi. Da dattijon nan da na ambata, da wannan na fara cin set a kansa. Biyu masu tsawo zuwa bayan hannunsa, ɗaya gajeriya. Har yau ina tuna ƙarar takalminsa a kan siminti ranar da ya fara makara.

Sabis da karɓar sabis fa?

Nan ne wurin da ya fi sauƙin kai hari, don makin bai riga ya zama irin wanda yake so ba. Sabis na biyu na yawancin bangaye laushi gare shi. Ka shigo cikin layin baya ka karɓe shi, ka aika da tsawo zuwa ɓangarensa mai rauni, wani lokacin ka bi ta zuwa raga. Ko ganin ka matso kaɗai yakan sa ya yi kuskuren sabis biyu.

A naka sabis ɗin, ka rage ƙarfi kaɗan don na farko ya riƙa shiga, ka nufi gefe ka fitar da shi daga fili, sannan ka yanke shawara tun kafin ka jefa ƙwallo sama inda bugunka na gaba zai tafi. In yana tare sabis ne kawai ya ɗago shi sama, jefi-jefi ka bi sabis ɗin zuwa raga. Dustin Brown na Jamus da irin wannan wasa, haɗe da ajiya a bakin raga, ya fitar da Nadal a zagaye na biyu na Wimbledon a 2015, alhali ba ya cikin ɗari na farko a duniya. Bai bar Nadal ya samu bugu biyar iri ɗaya a jere ba.

Na fara kai hari, na zubar da maki uku a jere. In koma yadda na saba?

Ka tambayi kanka abu ɗaya: zaɓin ne ba daidai ba, ko bugun ne ya kuskure? In ƙwallon gajeriya ce, kana tsaye da kyau, ka nufi wuri mai faɗi ta fita, to ka sake yin haka in ta sake zuwa. In kuwa daga bayan layi ka saki duka don ranka ya ɓaci, wannan ne za ka daina. Kada ka yanke wa dabara hukunci da gem ɗaya, ka ba ta set guda.

Kana da daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki. Yi amfani da su. Bango yana son ka karɓi ƙwallo ka yi sabis nan take kana huci. Ka juya masa baya, ka gyara zaren raket, ka yi numfashi, ka tsara bugu biyu na farko.

Fili da ƙwallo suna da tasiri?

Sosai. Filin jar ƙasa yana rage gudun ƙwallo ya ɗaga ta sama, don haka yana taimakon mai mayarwa, sai ka ƙara haƙurin gini. Filin siminti irin wanda aka fi samu a wajenmu ya fi ba mai matsowa gaba dama. Ƙwallo kuma, a manyan gasa ana sauya ta bayan gem bakwai na farko, sannan bayan kowane tara. Mu kuwa gwangwani ɗaya sai ya yi makonni. Ƙwallon da iskarta ta ragu ba ta gudu, duk dukan da ka yi mata a banza, amma ajiya da yanka suna kama ta da kyau. In wasan mai muhimmanci ne, ka fasa sabon gwangwani.

Wane atisaye zan yi, kuma yaushe zan ga canji?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba ka yi sau ɗari a atisaye ba, ba zai zo maka lokacin da wasa ya matse ba. Ka samu abokin bugu ku riƙa yin gicciye, da ƙa'idar cewa duk wanda ƙwallonsa ta sauka cikin layin sabis, ɗayan dole ya shigo ya bi ta zuwa raga a ƙarasa makin. Ku ƙara da cewa makin da aka ci a raga biyu ne. Kafin ku tashi, ya cilla maka ashirin sama ka yi dukan sama, kana taɓa raga da raket bayan kowace ɗaya don ƙafa ta saba da gaba da baya.

Sannan ka daina guje wa bangon kulob ɗinku. Ka neme shi ku riƙa bugawa ranar da ba gasa ba, ka shiga da niyyar zuwa raga aƙalla sau biyu a kowane gem ko me allo ya nuna. Makonnin farko zai ci ka fiye da da, don kana barin abin da ka iya zuwa abin da kake koyo. Ka riƙe ɗan littafi a jakar raket, bayan kowane wasa ka rubuta sau nawa ka je raga da nawa ka ci a ciki, ka kwatanta na wannan wata da na watan da ya wuce.